Sikirin mai sheƙi ko marar sheƙi? Tambayoyi da amsoshi ga mai shirin sayen laftof

Mai neman laftof yakan tsaya ya bi ba'asin furosesa da girman ma'ajiya da awowin da batir ke kaiwa, amma da wuya ka ji ya tambayi yadda fatar sikirin take. Alhali kuwa a kanta idonsa zai riƙa wuni, yau da gobe. Batir ana iya sauya shi, ma'ajiya ma a wasu kwamfutocin ana iya ƙara ta, sikirin kuwa galibi mutu-ka-raba ne. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan zaɓi, da amsoshinsu gwargwadon hali.

Mene ne ainihin bambancin sikirin mai sheƙi da marar sheƙi?

Bambancin a fatar waje yake, ba a cikin sikirin ba. Kamfani zai iya ɗaukar allo iri ɗaya, mai yawan ɗigo ɗaya (wato ƙananan ɗigogin haske da ke haɗuwa su ba da hoto) da fitila ɗaya a bayansa, ya rufe wani da fata mai santsi, wani kuma da fata mai kaushi. Kaushin ƙanƙane ne ƙwarai, da ƙyar yatsa ke jinsa, amma ya isa ya sauya hanyar da haske ke bi.

Idan hasken taga ko na ƙwan fitila ya faɗa kan fata mai santsi, a dunƙule yake dawowa ta kusurwa guda, da siffarsa cikakkiya. Shi ya sa kake ganin tagar har da labulenta, da ƙwan fitilar, da fuskarka kai kanka. Idan kuwa ya faɗa kan mai kaushi, sai ya tarwatse ta ko'ina, siffar ta ɓace, abin da zai rage shi ne wani fari-fari da ya bazu. Dubi ruwan tafki idan ya kwanta luf: kana ganin bishiyar bakin gaɓa a cikinsa reshe-reshe. Da iska ta kaɗa shi sai bishiyar ta watse, amma hasken yana nan bai je ko'ina ba.

Wannan na ƙarshen ne mutane da yawa ba sa lura da shi. Marar sheƙi ba ya haɗiye haske, rarraba shi kawai yake yi. Kuma hasken da ke fitowa daga cikin sikirin zuwa idonka, shi ma ta cikin wannan kaushi yake ratsowa, don haka shi ma sai ya ɗan tarwatse. Duk amfani da duk illar da za a ambata a ƙasa daga nan suka samo asali.

Me ya sa mai sheƙi ya fi ɗaukar ido idan aka jera su biyun?

Saboda babu abin da ya shiga tsakanin idonka da launin sai fata garau. Baƙi ya fito baƙi ƙirin, ja ya fito ja wur, gefen haruffa ya fita tsaf. Masu ƙera kwamfuta sun gane haka tun tsakiyar shekarun 2000, lokacin da laftof ta fara zama abin kallon fim da hotuna, ba kayan ofis kaɗai ba. Kowane kamfani ya raɗa wa nasa suna: Sony da XBRITE, Toshiba da TruBrite, Dell da TrueLife, HP da BrightView, Acer da CrystalBrite. Apple ma ya bi sahu a 2006 da MacBook ɗinsa na farko. Sunaye ne suka bambanta, kayan ɗaya ne.

Sai dai fa kwamfutar da aka baje don a gani a saya, an ƙure mata haske, an ɗora mata hoton furanni ko tsaunuka, kai kuma a tsaye za ka kalle ta na ɗan lokaci ka wuce. Ba haka za ka yi aiki da ita ba. Aikin gaske shi ne zaman awowi a gaban rubutu, fitila a bisa kanka, taga a gefe. A nan ne ake gane halin sikirin.

Ba na son dogon bayani. Wanne zan saya?

Tambayi kanka abu ɗaya: kai ke da iko da hasken wurin da kake zama? Idan za ka iya ja labule, ka kashe fitilar sama, ka juya tebur yadda ka ga dama, mai sheƙi zai ba ka hoto mafi kyau. Idan kuwa yau kana aji, gobe ɗakin taro, jibi cikin jirgi ko mota, inda aka ajiye ka nan za ka zauna, ka sayi marar sheƙi. Tun da dai laftof an yi ta ne don yawo, ra'ayina shi ne yawancin masu aikin rubutu, lissafi da karatu marar sheƙi ya fi karɓar su. Ba banza ba ne kwamfutocin ma'aikata irin su ThinkPad na Lenovo da Latitude na Dell da EliteBook na HP suka fi zuwa da shi.

Abin da zan ce a guje masa ko ta halin ƙaƙa shi ne haɗuwar abu biyu: sikirin mai sheƙi, kuma mai raunin haske. Wannan kam madubi ka saya.

Ina yawan aiki kusa da taga, wani lokaci ma a waje. Marar sheƙi zai wadatar?

Zai taimaka, amma ba shi kaɗai ba. A nan ƙarfin hasken sikirin ya fi fatarsa muhimmanci.

Ana auna hasken sikirin da ma'aunin da ake kira nit. Laftof masu sauƙi sukan tsaya a nit 220 zuwa 250. Nit 300 ya isa zaman ɗaki. Daga 400 zuwa 500 ne ake fara samun sukuni kusa da taga ko a inuwa. MacBook Air na Apple mai furosesa M1 yana da 400, na M2 zuwa sama 500, MacBook Pro mai M4 kuma yana iya kai 1,000 a cikin haske mai ƙarfi. Shi kuma hasken da ke sauka a wuri, da laks ake auna shi: ofis mai isasshen haske yana tsakanin 300 da 500, tsakar rana a fili kuwa tana iya kusantar 100,000. Ka ga ke nan rana ba sa'ar sikirin ba ce.

Bari mu yi ɗan lissafi don a ga inda gizo ke saƙa. Gilashi tsura, wanda ba a shafa masa komai ba, yana maido da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa kai tsaye. A ce tagar da ke bayanka tana nuna sararin sama mai hasken nit 5,000. Kashi 4 na wannan nit 200 ne. Idan duk ƙarfin sikirinka 250 ne, hoton tagar ya kusa kamo aikinka a haske, kuma duk inda shafin ke da duhu tagar za ka gani, ba rubutu ba.

Marar sheƙi a wannan halin zai watsa hasken tagar ya rarraba shi. Ba za ka ga taga ba, amma sikirin zai yi fari-fari kamar an lulluɓe shi da hazo, baƙi ya koma toka. A nan ma akwai lissafi. Sikirin mai nit 300 wanda farinsa ya ninka baƙinsa sau 1,000, baƙinsa nit 0.3 ne. Idan hasken ɗaki ya ƙara masa nit 5 kacal a ko'ina, fari ya zama 305, baƙi ya zama 5.3, tazarar ta faɗo ƙasa da sau 60. Hoton ya yi sanyi, amma dai ana karantawa.

Akwai wata ƙaramar fa'ida da mai sheƙi ke da ita wadda ba a cika faɗa ba. Tun da haskensa ta kusurwa guda yake dawowa, idan fitila ɗaya ce ke damun ka, kana iya ɗan karkatar da murfin ta fita daga idonka gaba ɗaya, hoton ya dawo garau. Marar sheƙi ba ya ba da wannan damar sosai, domin hazon yana bin ka duk inda ka juya. Matsalar ita ce wuraren da ke da fitila ɗaya tak ba su da yawa. A ofis mai jerin fitilu a rufi, ka kauce wa wannan ka faɗa wa waccan.

Ƙarƙashin rana tsaka kuwa, duka biyun wahala ce. Nemi inuwa.

Na ga wasu masu sheƙi ba sa nuna fuska sosai kamar wasu. Me ya kawo haka?

Domin masu sheƙin ma suna suka tara. Akwai wanda aka bari tsura, akwai kuma wanda aka shafa wa wani siririn rufi mai rage maido da haske, irin wanda ake yi wa gilashin ido da madubin kyamara. Shi wannan rufi ba watsa haske yake yi ba. An auna kaurinsa ne yadda hasken da ya dawo daga samansa da wanda ya dawo daga ƙasansa za su soke juna. Sakamakon shi ne hoton tagar yana nan da siffarsa, amma ya yi rauni ƙwarai, kuma sau da yawa yakan yi launin shuɗi-shuɗi ko shanshanbale idan sikirin na kashe.

Wani abu kuma shi ne yadda aka haɗa gilashin. A tsofaffin ƙira akwai iska tsakanin gilashin waje da allon ciki, kuma kowace fuska da ta haɗu da iska tana maido da nata hasken. Da aka koma manne gilashin da allon kai tsaye, sai fuskokin suka ragu. Lokacin da Apple ya fito da MacBook Pro mai sikirin Retina (sunan da ya raɗa wa sikirinsa mai yawan ɗigo) a 2012, ya ce ya rage ƙyallin da kashi 75 cikin 100 idan aka kwatanta da wanda ya gabace shi.

Don haka wanda ya ce ya tsani mai sheƙi saboda wata laftof mai araha da ya taɓa riƙewa, da wanda ke yabon mai sheƙi saboda yana amfani da mai rufi mai kyau, kowa gaskiyarsa yake faɗa. Ba abu ɗaya suke magana a kai ba.

Gaskiya ne marar sheƙi yana kashe launi, yana kuma sa rubutu ya yi dishi-dishi?

Da ƙamshin gaskiya, amma an cika zuzuta abin. Kaushin mataki-mataki ne. Mai kauri yana sa farin shafi ya yi kamar an barbaɗa masa yashi mai ƙyalƙyali, musamman idan ɗigon sikirin ƙanana ne sosai, domin a lokacin girman kaushin ya kusa girman ɗigon kansa. Mai sauƙi kuwa, irin wanda aka fi sa wa laftof masu kyau a yanzu, sai an jera shi da mai sheƙi kafin ka ga bambanci.

Yawancin laifin da ake ɗora wa marar sheƙi ba nasa ba ne, na allon da ke ƙarƙashinsa ne. Laftof masu araha da yawa suna zuwa da fata marar sheƙi a kan allo nau'in TN, wanda launinsa ke juyewa da ka ɗan sunkuya, ko kuma nau'in IPS, wanda ba ya juyewa haka, amma mai ƙarancin launi. Idan ka ga an rubuta 45% NTSC a takardar bayanan kwamfuta, wannan allo ne da ba ya iya nuna wajen kashi ɗaya cikin uku na launukan sRGB, wato ma'aunin launin da shafukan intanet ke bi. Ko da fatar zinariya aka rufe shi, ja ɗinsa zai yi kamar ruwan lemo. Nemi 100% sRGB ko 72% NTSC, waɗanda kusan abu ɗaya suke nufi. Marar sheƙi mai wannan adadin ya fi mai sheƙi mai 45% nesa ba kusa ba.

Wanne ya fi sauƙi ga ido?

Babu ɗayansu da fatarsa ke lalata ido. Abin da ke faruwa gajiya ce. Idan hoton taga ko fitila yana kan sikirin, ido yana ta kai-kawo tsakanin rubutun da ke kusa da hoton da ke kamar yana can nesa a bayan gilashi, mutum kuma ya riƙa ƙanƙance ido, yana karkata wuya don ya kauce wa ƙyallin. Ciwon wuya da kafaɗa da ake ji da yamma wani lokaci daga nan yake. A wuri mai haske da yawa, marar sheƙi ya fi hutar da mutum. A ɗaki mai duhu-duhu babu wani bambanci, wasu ma sun fi jin daɗin tsabtar haruffan mai sheƙi.

Akwai abubuwan da ke gajiyar da ido waɗanda ba ruwansu da fata. Mai kallon sikirin yana rage ƙiftawa, sai ido ya bushe. Haske da ya fi na ɗakin ƙarfi sosai, ko ya gaza shi sosai, shi ma yana wahalarwa. Wasu sikirin kuma, har da da yawa daga nau'in OLED, wanda kowane ɗigonsa ke ba da nasa hasken, suna rage haske ne ta hanyar kunnawa da kashewa cikin sauri wanda ido ba ya gani, kuma akwai mutanen da hakan ke sa wa ciwon kai. Likitocin ido suna ba da shawarar nan ta 20-20-20: duk bayan minti 20, ka dubi wani abu mai nisan ƙafa 20, wato kamar mita 6, na daƙiƙa 20. Idan ciwon ya ƙi tafiya, a je a auna ido, kada a tsaya zargin kwamfuta.

Ni mai gyaran hoto da bidiyo ne. Ba mai sheƙi ya kamata in saya ba?

Ba dole ba. Hujjar masu cewa mai sheƙi tana da ƙarfi: babu hazo, babu yashi-yashi, duhun hoto yana fita dalla-dalla. Amma dubi manyan sikirin da aka ƙera musamman don aikin launi, irin ColorEdge na Eizo da jerin SW na BenQ. Marasa sheƙi ne, kuma sukan zo da wata rumfa da ake kafawa a sama da gefe don tare hasken ɗaki. Dalili shi ne mai gyaran hoto yana yanke hukunci a kan inuwa da duhu, kuma ba ya son rigarsa fara ta bayyana a daidai wurin da yake dubawa. Wanda aikinsa zai ƙare a takarda ma yana da wani dalilin: mai sheƙi yana iya yaudararsa ya ɗauka hoton ya fi yadda zai fito daga injin ɗab'i armashi.

Kafin ka kai ga zancen fata, ka tabbatar da faɗin launi, wato ma'aunin launin da sikirin ke cikawa, ko sRGB ne ko DCI-P3 ko Adobe RGB gwargwadon aikinka, ka kuma daidaita sikirin da na'urar auna launi. Bayan nan sai ka dubi ɗakin aikinka ka zaɓa.

Kallon fim da wasannin kwamfuta fa?

Fim a ɗaki mai duhu, mai sheƙi ne sarki, ballantana idan OLED ne. Laftof ɗin wasa kuwa yawancinsu marasa sheƙi ne, domin ɗan wasa ba ya son ƙyallin fitila ya ɓoye masa abokin gaba a lungu mai duhu. Saurin sikirin wajen sabunta hoto, ko sau 60 ne ko 144 ko 240 a daƙiƙa, ba shi da alaƙa da fata ko kaɗan.

Me ya sa kusan duk sikirin taɓawa da na OLED masu sheƙi ne?

Na taɓawa yana buƙatar fuska mai tauri da za ta jure yatsa da alƙalami, shi ya sa ake rufe shi da gilashi irin Gorilla Glass na kamfanin Corning, gilashi kuwa asalinsa mai sheƙi ne. Akwai na taɓawa marasa sheƙi, inda aka gina na'urar jin taɓawar a cikin allon kansa ba tare da gilashin waje ba, kuma an fi samun su a kwamfutocin ma'aikata kamar wasu ThinkPad. Sai dai sai an nema.

OLED kuma abin taƙamarsa baƙi ne. Kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, idan aka kashe shi ya mutu murus. Fata mai kaushi za ta watsa hasken ɗaki a kan wannan baƙin ta mai da shi toka, ta ɓata abin da aka biya kuɗi dominsa. Ana samun OLED marasa sheƙi nan da can, amma ba su ne suka fi yawa ba. Wanda ya ƙwallafa rai a kan OLED ya shirya zama da sheƙi.

Mene ne nano-texture da Apple ke tallatawa?

Ƙoƙari ne na cin moriyar ɓangarorin biyu. Maimakon a liƙa fata mai kaushi a kan allo, sai a sassaƙa gilashin kansa da wani irin kaushi mai matuƙar ƙanƙanta, wanda ke watsa hasken waje ba tare da ya dusashe hoton kamar tsohuwar fata ba. Apple ya fara shi a Pro Display XDR a 2019, ya kai shi iMac mai inci 27 a 2020, sannan iPad Pro da MacBook Pro a 2024. Zaɓi ne da ake ƙara wa kuɗi.

Abin dariya a ciki shi ne kamfanin ya taɓa bin wannan hanya. A 2008 ya rufe MacBook Pro da gilashi mai sheƙi, ƙwararru suka yi ca, a 2009 ya dawo da marar sheƙi a matsayin zaɓi mai ƙarin kuɗi, daga baya ya sake janye shi da zuwan Retina. Sama da shekara goma aka yi kafin ya dawo da sabon suna. Ba Apple kaɗai ke sassaƙa gilashi ba: Steam Deck na kamfanin Valve, wanda ya fito a 2022, mafi girman nau'insa ya zo da irin wannan gilashi.

Yana da kyau, amma ba sihiri ba ne. Baƙinsa bai kai na mai sheƙi zurfi ba a ɗaki mai haske, kuma Apple ya ce a riƙa goge shi da ƙyallen da ya zo da shi kawai.

Akwai wanda ya fi cin batir?

Fatar kanta ba ta shan wuta. Amma fitilar sikirin tana cikin abubuwan da suka fi cinye batir, kuma mai fama da ƙyalli yakan ƙure haske don ya rinjaye shi. Ta wannan hanyar mai sheƙi yana iya rage maka lokaci a wuri mai haske.

Ta intanet zan saya. Yaya zan gane wanne ne?

Kada ka dogara da hoton talla, domin a kwamfuta ake haɗa shi. Buɗe cikakken bayanin kayan ka dubi layin sikirin. Idan an rubuta Anti-glare ko Matte ko AG, marar sheƙi ne. Idan an rubuta Glossy ko Glare ko BrightView, ko aka ambaci gilashi, mai sheƙi ne. Anti-reflective ko AR kuwa shi ne mai sheƙi mai rufin nan da aka yi bayani a sama, kada kamannin sunan su ruɗe ka. Ka lura kuma cewa laftof mai suna ɗaya tana iya zuwa da sikirin iri uku ko huɗu, don haka lambar ainihin nau'in da za a aiko maka za ka bincika, ba sunan gidan ba.

Idan kwamfutar tana gabanka, kashe sikirin ka duba. Ka ga idanunka sarai, mai sheƙi ne. Ka ga dodon inuwa kawai, marar sheƙi ne.

Na riga na sayi mai sheƙi, yana damu na. Ina mafita?

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Juya tebur yadda taga za ta kasance a gefenka, ba a bayanka ba, ba kuma a gabanka ba. Ɗan sunkuyar da murfin don fitilar sama ta fita daga ciki. Idan da hali, kashe ta ka kunna ƙaramar fitila a gefe.

Sannan ga wata dabara da ke ba mutane mamaki: bar yanayin duhu da rana. Shafi baƙi mai farin rubutu yana da daɗi da dare, amma a kan sikirin mai sheƙi a wuri mai haske shi ne ke fito da fuskarka da duk abin da ke bayanka. Farin shafi yana danne ƙyallin. Hatta rigar da ka sa tana da tasiri, fara ta fi baƙa bayyana a gilashi.

Ledar da ake liƙawa ta mai da shi marar sheƙi tana aiki?

Tana aiki, amma da sharaɗi. Ƙyallin zai ragu sosai, sai dai hoton yakan fi na marar sheƙi na asali yashi-yashi, domin ka ƙara wani rufi a kan gilashin da ke nan tun farko. Liƙa ta a faffaɗan sikirin ba tare da ƙura ko kumfar iska ta maƙale ba kuma sai mai haƙuri. A laftof sirara a yi hattara da mai kauri, domin tazarar da ke tsakanin sikirin da madannai idan an rufe ba ta da yawa. Apple ya taɓa gargaɗin cewa ko ɗan murfin kyamara na iya fasa sikirin MacBook idan aka rufe da shi.

Ga wanda ke son ɓoye aikinsa daga na kusa da shi, wasu matatan sirri na kamfanin 3M, wato rufin da ake ɗorawa a kan sikirin don kada na gefe ya gani, suna da fuska biyu, ɗaya mai sheƙi ɗaya marar sheƙi, ana juyawa yadda ake so, amma suna rage haske sosai.

Za a iya canza sikirin gaba ɗaya, ko a ɓare fatar?

Canzawa yana yiwuwa a laftof mai firam ɗin roba a kewayen allo. Mai gyara zai nemo allo mai girma ɗaya, mai mahaɗi iri ɗaya, galibi eDP mai fil 30 ko 40, da wurin ɗauri iri ɗaya. Idan gilashi ne manne daga gefe zuwa gefe, sai dai a sauya murfin dungurungum, kuma da wuya a sami wani nau'in da ba wanda ya zo da ita ba. A duba garanti kafin a taɓa.

Ɓare fata kuwa, wanda wasu ke yi da jiƙaƙƙen ƙyalle don su mai da marar sheƙi mai sheƙi, ban ba kowa shawara ba. Fatar tana manne da wani rufi mai tace haske wanda in babu shi allon ba zai nuna komai ba sai fari. Kuskure kaɗan, ka tashi da babu.

Wanne ya fi saurin datti, kuma da me ake gogewa?

Mai sheƙi yana tona asirin kowane yatsa, amma gogewa ɗaya ya koma fes. Marar sheƙi yana ɓoye ƙura da tabo, sai dai idan maiƙo ya shiga cikin kaushinsa yakan yi taurin kai, kuma idan aka dirje shi da ƙarfi wurin yana iya yin santsi ya bar tabo mai ƙyalli da ba ya fita.

Kashe kwamfutar tukuna. Sami ƙyalle mai laushi irin na goge gilashin ido, ka fara share ƙura a bushe, domin ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin ƙyalle ta isa ta ja karce. Idan da tabo, ɗan jiƙa ƙyallen da ruwa mai tsabta, ba sikirin za ka fesa wa ba, don kada ruwan ya gangara cikin firam. Ka nisanci ruwan goge tagogi mai amoniya, da asiton na cire jan farce, da takardar goge hannu. Rufin rage ƙyalli siriri ne kuma yana iya saɓulewa: hakan ya faru da MacBook masu Retina da yawa, har Apple ya buɗe shirin gyara musu kyauta a 2015.

Laftof ta hannu zan saya. Me zan duba a sikirinta?

Kashe shi ka karkata shi wajen haske. A mai sheƙi, nemi wuraren da rufin ya goge, waɗanda sukan yi kamar tabon ruwa a gefe-gefe ko kusa da kyamara. A marar sheƙi, nemi wuraren da suka yi santsi da shatin madannai, wanda ke fitowa idan an daɗe ana matse kwamfutar a jaka. Daga nan kunna, ka buɗe shafi fari tas don ganin tabo da matattun ɗigo, sannan baƙi ƙirin don ganin ko haske na yoyo daga kusurwoyi. A ƙarshe ƙure hasken ka kai ta bakin taga ka karanta 'yan layuka, domin fitilar sikirin tana raguwa da shekaru, kuma adadin nit da ke rubuce a takarda na ranar da ta fito daga masana'anta ne.